Hantar Mahauci

Shekara talatin da huɗu ina riƙe da wuƙa
a layin pawa na babbar kasuwar Garwa.
Ka rufe min ido, ka aza min hanta a tafi,
in gaya maka abin da saniyar ta ci.
Mai lafiya ja ce wur, tana sheƙi, gefenta da kaifi.
Wadda aka ɗura wa dusa da angurya
takan koɗe, gefen ya dakushe,
ta bar maiƙo a bakin wuƙa.
Irin wannan nakan karya wa farashi.

Ran Talata Likita Asta Wabi
ta shafa min wani mai mai sanyi a ciki,
ta juyo da allon na'ura wajena.
Ta ce, Baba Talle, ga taka.
Ban jira bayani ba, na shaida ta.
Da a kan teburina take, da na rage mata sefa ɗari biyar.

Na ce, 'yar nan, ni bilbil ko warinsa ban sani ba.
Ta ce, ba kwalba kaɗai ke kawo wannan ba.
Ta juya takardar magani ta yi zane a baya:
ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma,
kowane ɗaki da murahu ɗaruruwa,
ƙanana, ido bai isa ya gan su ba.
Sunansu mitokwandiriya.
Sau uku na gwada, sau uku harshena ya yi tuntuɓe.
Su ke ƙona kitse, in ji ta,
su ba ka ƙarfin saɓa cinyar sa.

Kai kuwa ka danne su da itace, Baba.
Shayi mai sukari cokali huɗu,
tumbi da tozo tun da hantsi,
lemon kwalba in rana ta take,
babur daga ƙofar gida har ƙofar rumfa.
Murhun da aka cusa wa ɗanyen itace, me zai yi?
Na ce, hayaƙi.
Ta ce, da tartsatsi.
Wani ma ya tsage, abin cikinsa ya zube a tsakar ɗaki.

Jiki kuma yana da 'yan sintirinsa,
furotin na garkuwa, masu kai gangami.
Sun ji ƙauri, sun zaci ɓarawo ne ya haura,
suka kurma ihu, unguwa ta fito da gora,
ana duka cikin duhu ba a tambayar suna.
Gidan da suka zo karewa, shi suke rotsewa.
Inda gora ta sauka, nan tabo zai zauna,
tabo bisa tabo, har hanta ta koma ganda.
Amma taka ba ta kai can ba tukuna.

Tukuna.
Na naɗe kalmar na sa a aljihu tare da canjin kuɗin kati.

Yanzu in an sallame asuba
nakan taka da ƙafa zuwa gadar Binuwai,
motocin auduga na wuce ni suna huci.
Wani lokaci dorina kan ɗago hanci daga ruwa,
in ce mata, ke dai ba wanda ya leƙa cikinki.
Mai shayi Bakari ya daina tambaya,
cokali ɗaya yake zuba min yana kawar da kai
kamar wanda ya cuce ni.

Jiya yarona Ɗan'azumi ya feɗe wata bakana,
hantar ta fito fari-fari, tana naso.
Na daɗe riƙe da ita.
Ya ce, maigida, mai saye na jira.
Na ce, bari ya jira.
Ina tuna murahun da suka yi ta fama a cikinta
ba wanda ya taɓa rage musu itace.
Na ɗora ta a sikeli.
Ban karya mata farashi ba.